Maƙwabciyata a Teku

"Yaya Rosdi, ka ci abinci?" in ji wata murya a rediyon oba-oba.

Kwana goma sha tara da barin tsibirin Langkawi, ita kaɗai ke tambayata.

"Na ci, Suriati. Taliya da kifin gwangwani."

"Lallai attajirai na shan daɗi."

Na aske gemu, na cusa tumbi cikin sabuwar riga, na yi ta maza: "In kawo miki ziyara?"

Ta ce: "Ba ka ganin nisa?"

Taku tara ne. Jirgin ruwanmu na alfarma ɓangare biyu ne haɗe da gada, kowa da nasa. Dillalin da ya sayar mana ya ce kowa zai sake, kuma bai yi ƙarya ba.

Na tsaya a ƙofar matata Suriati, na yi sallama kamar baƙo.