Lambar da Ba a Taɓa Gogewa Ba

Sabuwar manajar asibiti ta dangwala yatsa a allon kwamfuta. "Baba, sau dubu arba'in a yini ɗaya na'urar nan ta juye bayanan marasa lafiya kan faifan ajiya kafin lokacin da aka tsara mata! Yau za a cire ta, kai ma ka je ka huta."

Tsohon injiniyan da ke kula da na'urar ko gezau bai yi ba. Ya buɗe littafinsa, ya nuna mata lambar jiya, ya ce ta ɗebe daga ta yau.

Ta ɗebe. Saura biyu.

"Ranki ya daɗe, lambar nan taruwa take yi tun ranar da na kunna na'urar. Kina firamare lokacin."

Ta jawo kujera kusa da tasa.