Dillalin Siminti da Faɗin Titi

Kai da kake cewa dakalin gefen titi ɓarnar fili ne, gyara zama ka ji. Akwai wani dillalin siminti, shagonsa da gidansa suna hannu ɗaya na titi, masallacin unguwa yana ɗaya hannun. Da aka zo gyaran hanyar, injiniya ya zana dakalin masu tafiya a ƙasa, ya ware wa masu keke layinsu, ya sa ɗan tudu a tsakiya inda mai tsallakawa zai tsaya ya numfasa. Dillali ya duba ya ga tirela ba za ta iya sauke kaya a bakin ƙofarsa ba. Mutum ne mai baki a unguwa, ka san irinsu, in sun yi tari sai a ce sun yi magana. Ya bi manya gida-gida yana cewa, "Mu ma a yi mana titi fetal irin na birni." Aka biye masa, aka shafe zanen, aka malala kwalta daga bango zuwa bango.

Ranar da direbobi suka ga fili, ranar ƙafarsu ta manta da birki. Masu keke suka rasa wurinsu suka dawo suna raɓar bango, masu ƙafa kuma suka koma kutsawa tsakanin motoci. Shi kuwa dillali yana da tsohon uba mai raunin gani, wanda tun yana saurayi bai yarda jam'i ya wuce shi ba. Duk kiran salla sai gaban dillali ya faɗi. Yakan bar mai saye a tsaye ya leƙa, ya hango tsoho ya ɗaga sanda yana laluben hanya, tifa tana wucewa iskarta na kaɗa wa tsohon riga. Ya roƙe shi ya riƙa yin salla a gida. Tsoho ya ce, "Ina jin ladan da kunnena, in yi a gida?" Tsoro ya hana dillali cin abinci, ko ƙarar birki ya ji daga nesa sai ya fito a guje.

Wata la'asar tsoho ya kai tsakiyar titi, motoci suka taso ta gaba da baya, babu inda zai dafa. Ya juya a firgice zai koma. Wani mai keke da ke kauce wa tirelar da ke sauke siminti a ƙofar shagon ya yi gaba da shi. Ƙugu ya karye, kuma ƙashin tsufa bai ɗoru ba. Har yau yana kwance a zaure, in an kira salla sai ya juya fuska bango yana hawaye, ɗan yana tsaye a kansa. Tirela kam tana tsayawa daidai ƙofa yadda ya so.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.