Allurar Zafi

Allurar zafin inji ta sake hawa ja, Na Allah ya sake tsayar da tsohuwar motarsa a hanyar Tasawa. Da hannunsa ya haɗa wayoyin agogon da ke nuna zafin.

"Yaya, don Allah mu tafi," in ji Hamsatu, ɗanta na numfashi sama-sama a cinyarta.

"In injin ya ƙone fa? Farin bana ko jakin da za mu hau bai bari ba."

Haka suka yi ta tsayawa. Yaron ya cika a ƙofar asibiti.

Kafin su juya da gawa, wani makanike ya leƙa cikin injin, ya ɗago wata waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. Hamsatu na ji.

"Ita ke tura allurar, maigida. Injinka bai yi zafi ba."