Inna Zauna-Tukuna

Ke da kike cewa kin gaji, wai aikin nan ba mai gani balle ya gode, gyara zama ki sha labari. An yi wata malamar asibiti a wani gari, ta shekara talatin da ɗoriya tana karɓar haihuwa, kuma tana koyar da 'yan mata masu koyon jinya. Tana da wata ɗabi'a guda da ta ishi kowa. Kin dai san halinmu idan mace ta sauka: kowa sai ya yi kan jariri, wannan na guɗa, wannan na neman zani, wancan ya ruga kai albishir, a bar uwar kwance kamar an gama da ita. To ita baiwar Allahn nan sai ta jawo 'yar kujerarta, ta zauna gefen maijego, ta ɗora tafin hannu a kan mararta, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta tashi sai awa guda ta cika cif. Takan ce zubar jini ɓarauniya ce, sai hankalin mutanen gida ya tafi wajen murna take yin aikinta. Duk ɗalibar da ta yunƙura za ta miƙe da wuri, sai ta ji an ce, "Zauna tukuna." Da haka sunan ya bi ta, ɗalibai na faɗa a bayan idonta suna dariya, har ita ma ta ji ta karɓa.

Tana da jika mace wadda ta yaye, ta tashi a ɗakinta, tare suke cin tuwo suna tsokanar juna. Ranar da za a kai yarinyar nan ɗakin miji, tsohuwa ta ce bari ta leƙa asibiti, yanzun nan za ta dawo ta kama hannun amarya da kanta. Ina! Motoci suka yi ta jira, aka yi la'asar, magariba ta kawo jiki, dole aka tafi ba ita. Ashe tana can zaune gaban wata maijego, matar wani mai saran itace, wadda ko sunanta ba ta sani ba. Abin ya yi wa jikar ciwo ƙwarai. Ko ranar da tsohuwar ta rasu, gida ya cika ya batse da matan da ta karɓi haihuwarsu, jikar ta yi kuka har muryarta ta dishe, amma can ƙasan ranta tana nan da maganarta: kakata ta fifita bare a kaina.

Bayan shekara huɗu aka yi wa mijin jikar canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisan gaske, inda ba ta da kowa, ga kuma tsohon ciki. Naƙuda ta kama ta da hantsi, aka kai ta ɗan asibitin ƙauyen, ɗaki biyu ne da ma'aikaciya ɗaya tal. Kafin azahar ta sauka, 'ya mace santaleliya. Zo ki ga murna. Matan maƙwabta suka ɗauke jaririya suna rangaɗa guɗa, maigida yana waje yana ta buga waya baki har kunne, ita kanta maijegon ta ce lafiyarta lau, a bar ta ta ɗan runtsa. Ma'aikaciyar kuwa kujera kawai ta jawo, ta zauna, ta ɗora mata hannu a mara. Jikar ta zuba mata ido, don ta san wannan zaman tun tana 'yar mitsitsiya. Ba a yi rabin awa ba hannun nan ya ji mahaifa ta saki, ta yi laushi inda ya kamata ta yi tauri kamar goruba. Ma'aikaciyar ta ɗaga zani, sai ga jini yana malala shiru, ba wanda ya sani. Nan take ta miƙe zumbur, ta shiga murza marar da ƙarfi, ta yi mata allura, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta sake komawa kan murza. Jikar tana jin guɗar matan tana yin nisa, idonta yana rufewa, amma hannun bai ɗaga ba har jinin ya tsaya. Babban asibiti kuwa tafiyar awa uku ne, da an tashi neman mota sai dai a kai gawa.

Washegari da ta samu bakin magana, jikar ta tambayi ma'aikaciyar wa ya koya mata wannan zaman. Ta ce, "Malamarmu ce. Ita ma wata tsohuwa ta koya mata, wai ita Zauna-Tukuna. Ni ko hotonta ban taɓa gani ba." Sai jikar ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta rungume hannun matar ta ƙi saki. A ranar ta gane cewa matar mai saran itacen nan ita ma jikar wani ce, kuma zaman da ya hana tsohuwa zuwa bikinta shi ne ya biyo ta har ƙauyen da tsohuwar ba ta taɓa takawa ba. Ranar suna ba a yi wata shawara ba, sunan kakar aka raɗa wa jaririya.

Don haka tashi ki koma bakin aikinki. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.