Roba Mai Ƙuraje

"Mama, wannan robar ta masu tsoron kai hari ce," in ji mai shagon kayan wasanni. "Ki saya wa jikanki mai santsi da katako mai sauri, irin na wancan."

Ya nuna hoton zakaran ƙwallon tebur a bango.

"Wa ya ce maka jika nake saya wa? Manna mini mai ƙurajen. Duk murɗin da ya yi wa ƙwallo, kansa zai koma."

"Shi wa?"

Ta nuna hoton da baki. "Autana. Ni na kama hannunsa ya koya, amma jiya ya ce in je in huta. Ranar Asabar za mu ga mai hutawa."