Duhun Saman Hoton Gida

"Goge min duhun nan na sama, ina son ganin rufin," in ji matar da ta sayi gidan, tana nuna kwamfuta.

Mai gyaran hoton ne da kansa ya shimfiɗa launin, duhu daga sama yana dishewa zuwa ƙasa, kamar yadda dillalin da ya sayar mata da gidan ya roƙe shi.

"Hajiya, ado ne kawai."

"Malam, goge."

Ya ja magogin kwamfuta a hankali. Duhun ya yaye, sai ga tsaguwa tun daga ginshiƙi har rufi, hannu ma zai shige.

Ba ta ko dube shi ba. Ta zaro waya, ta kira yayarta.

"Yaya, a wane ɗaki kika kwantar min da yaran?"