Zagayen Shugaban Kamfanin Sabulu

Tunda ka ce jibi za ka fara shiga ofisoshin manya da rakodarka, zauna in ba ka misalin wani shugaban kamfanin sabulu a Sharaɗa. Sunansa kam ba za ka ji a bakina ba, an yi masa alkawarin sakayawa, kuma ko ba alkawari mutumin yana da lauyoyi. Shi wannan bawan Allah, duk wanda ya zo masa da tambayoyi, ɗan jarida ne ko ɗalibi, karatu ɗaya yake biya masa. Wai bai taɓa barin rana ta faɗi bai zagaya masana'antarsa lungu-lungu ba. Wai ya san kowane ma'aikaci da sunansa, da sunan garinsu, da na ɗan autansa. Wai daga ƙamshi kawai yakan gane tukunyar da soda ta yi wa yawa, inji ma in ya ji takunsa sai ya gyara murya. Yana faɗa, mataimakansa biyu na gefe suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

To, akwai wata malamar kwaleji da ke digirin digirgir a kan yadda shugabannin kamfanoni ke sauraron na ƙasa da su. Hutun karatun da aka ba ta ya zo gangara, malamin da ke duba aikinta kuma ya ture mata hirarrakin da ta tara, ya ce waɗannan jawaban walimar ƙarshen shekara ne, ba bincike ba. In ba ta samo babba ko ɗaya da ya faɗi abin da yake yi da gaske ba, ta koma aji ba digiri. Mai sabulun nan shi ne ragowar damarta, shi ma sakatariyarsa ta yi ta yi mata "dawo gobe" har takalminta ya haddace hanya. Da zaman kujerar baƙi ya ishe ta, sai ta riƙa sauka wajen mai abinci a bakin masana'anta tana cin garau-garau da mata masu naɗe sabulu, har ta kai in ba ta zo ba sai an yi cigiyarta.

Ranar da aka shigar da ita, ta tarar da tebur mai faɗin da in ka yi sallama sai ka jira ta ƙarasa wancan gefen. Ya biya mata karatun nan kaf, har da ƙari. Ba ta ƙaryata shi ba, ba ta kuma tsallaka zuwa tambaya ta gaba ba, wanda shi ne kuskuren da ta yi ta yi a sauran ofisoshin. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan zagayen shi nake nema tun da na fara aikin nan. Ko za ka yarda mu ƙarasa hirar muna tafe, in ga yadda kake yi?" Ƙadangarun nan biyu kai ya tsaya cak. Shi kuwa bakinsa ya riga ya ɗaure ƙafarsa, dole ya miƙe.

Ƙofar farko da ya tura ya ce nan ne ɗakin dafa sabulu, sai ga tabarmi da butoci, an daɗe da mayar da wurin masallaci. Ya ce da ma so yake ta fara ganin yadda suke kula da addini. Ya dafa kafaɗar wani ya tambaye shi ya yara ya aiki, mutumin ya amsa da ladabi, ashe direban wani ɗan kasuwa ne ya zo ɗaukar kaya. Malama dai tana biye. Suna isa wajen naɗi, dattijuwar da ke shugabantar matan ta taso da fara'arta.

"A'a, Malama, yau ke ce da baƙo? Baban naki ne ya zo ganin inda kike yini?" Ta juya ta russuna. "Alhaji, ka yi haƙuri, baƙi ba sa wuce nan sai da izinin Oga na sama."

Ya yi ta maza ya ce, "Kin san shi Ogan?"

"Ina muka gan shi? Sai a kalanda. Shi ma hoton tun gemunsa na baƙi ne."

Inji dai ya ci gaba da ƙararsa, ko muryar bai gyara ba. Mutumin ya cire hula ya shafa kai, can sai dariya ta kuɓuce masa. Ya ja kwalin sabulu ya zauna da babbar rigarsa, ya ce, "Malama, kunna abin naki, mu soma daga farko." A nan ya faɗa mata cewa tun shekarar da rashin wuta ya sa ya sallami rabin ma'aikatansa, kunyar idon ragowar ta hana shi saukowa, sai ya riƙa zagayen da baki. Hirar da ta fitar da ita ke nan har ta samu digirin, yanzu haka ita ke duba aikin wasu. Matan naɗi kuma sun ce suna ganin Ogan nasu a kai a kai, duk da har yau yana rikita sunaye.

Saboda haka in babba ya cika maka baki, kada ka yi musu da shi, kada kuma ka rubuce ka tashi. Roƙe shi da ladabi ya raka ka cikin maganar tasa har ƙarshenta. Ba za ku yi nisa ba, domin Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.